Akushin Baƙo da Akuyar Inna

Idan har akwai tsohon da ya rage a Gwandu wanda ya tuna da ni, to ba da aikina zai tuna ni ba. Ni na kafa injin niƙa a unguwarsu, na sha baƙin mai har gwiwar hannu, amma abin da aka riƙe game da ni shi ne ci. Wai an taɓa yin wani baƙo daga Kumasi, siriri kamar karan dawa, wanda yake tashi da tuwon mutum biyar shi kaɗai. Na yi shekaru ina jin haushin wannan suna. Yanzu da na tsufa, kunyarsa nake ji.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce, cikin shekarun saba'in. Rumbun gidan da aka sauke ni saura kaɗan ya ga ƙasa, kuma da ɗan abin da ke cikinsa ne mutum tara za su kai kaka. Kowa a unguwar ya san haka, ina jin har jakin maƙwabta ya sani. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da na fito daga ƙasar da ake zubar da ayaba don ta nuna da yawa, ina ɗan shekara ashirin da huɗu, da akwatin sifanu a hannu da sanin komai a ka.

Wani Alhaji mai fataucin goro ne ya sayi injuna biyu a wurin maigidana, ɗaya na Gwandu ɗaya na Kalgo, aka haɗa shi da ni in je in kafa su. Mun yi kwanaki a bayan babbar mota kafin mu iso. Alhaji ya riga ya tanadar mini ɗaki a gidansa, har da gadon ƙarfe. Ban kwanta a gadon nan ko sau ɗaya ba, domin tun kafin in sauke akwatina wani dogon dattijo ya yi sallama a zaure. Malamin unguwa ne, yana karantarwa, yana noma. Labari ya kai masa cewa mahaifina haifaffen unguwar ne, ya bi fatake yana saurayi bai sake dawowa ba.

Malam ya ce, "Alhaji, wanga ba baƙonka ba na. Ni da ubanai allo guda munka wanke. Gidana za shi sabka."

Alhaji ya yi ta kawo uzuri, yana kallon ƙasa, yana cewa ai shekarar sai a hankali. Malam ya sunkuya ya ɗauki akwatina da kansa ya ɗora a ka, ni kuma na bi shi a baya ina waiwayen gadon ƙarfe.

Ɗakin da aka ba ni yana jikin zaure. Tabarma ce da buzu da randa, sai wata ƙaramar taga ta baya da ke kallon turken akuyar uwargidan Malam, wadda nake kira Inna duk da ban taɓa ganin fuskarta ba. Akuyar ja ce, ramammiya, haƙarƙarinta a waje kamar na duk dabbar da na gani tun daga bakin iyaka.

A nan sai na faɗi irin tarbiyyar da na zo da ita. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, na tashi a gidan maigidana, mutumin da ya koya mini kanikanci, wanda ba Bahaushe ba ne. Matarsa tana da doka guda: wanda ya bar loma a kwano ya zage ta. Tsayawa take yi a kanmu da muciya har sai ta ga gindin kwano yana ƙyalli. Da wannan na girma, kuma na ɗauka ko'ina a duniya haka ake nuna godiya.

Ranar farko bayan magariba Malam ya kawo mini akushi da hannunsa, tuwon gero da miyar kuka, ya ajiye ya fita don kada baƙo ya ji nauyin ci. Tuwon ya fi cikina, amma na daure. Na cinye, na suɗe, na bi gefen akushin da yatsa har ya fito kamar an wanke. Da Malam ya dawo ya ɗaga murfi, ya ɗan jima yana kallon ciki.

Ya ce, "Madalla."

Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina na fitar da mahaifina kunya. Abin da ban sani ba shi ne, a nan baƙo ba ya cinye akushi. Ci yake ya rage, kuma abin da ya rage shi ne abincin yaran gida, suna can ciki suna jiran dawowarsa. In kuwa akushi ya koma wayam, ma'anarsa ɗaya ce: baƙo bai ƙoshi ba, an ji kunya, gobe a ƙara.

Aka kuwa ƙara. Washegari malmala uku, na cinye ina gumi. Jibi huɗu, na cinye na kasa ruku'u a sallar lisha. Rana ta huɗu akushi biyu suka shigo, ga ƙwaryar fura da rana wadda ita ma sai da na ga gindinta. Na zauna gaban akushin nan biyu ina jin kamar in yi kuka, ina zagin mutanen Gwandu a zuci, ina cewa wane irin mutane ne waɗannan da ba su san ƙoshi ba. Ina cikin haka sai akuyar Inna ta yi kuka a bayan taga.

Ba na alfahari da dabarar da ta zo mini, amma a lokacin gani nake babu mai wayona daga nan har bakin teku. Na ci abin da zan iya, na gutsura sauran na dinga miƙawa ta taga. Akuyar ba ta yi mini gardama ba ko kaɗan. Cikin ɗan lokaci akushi biyu suka yi fes, mutuncin gida ya tsira, cikina ya tsira. Malam ya zo ya ɗaga murfi biyu, ya ce madalla sau biyu, sai dai muryar ta fi ta jiya sanyi.

Aikin da na zo yi na sati ɗaya ne, amma bel ɗin injin da aka haɗo mu da shi bai yi daidai ba, sai da aka aika Sakkwato neman wani. Sati ɗaya ya zama uku, uku ya zama biyar. Akushi ya kai uku. Ni da akuya muka zama abokan aiki, da ta ji an idar da magariba sai ta ja igiya ta zo ta kafa kai a taga. Gashinta ya kwanta, haƙarƙari ya ɓace, ta fara tafiya tana rangaji. A duk garin ita kaɗai ce halittar da ke ƙiba, har mata suna aikowa a tambayi Inna wane magani take ba ta.

Ni kuma suna ya tafi. In na fito masallaci sai in ga ana zunɗena. Wasu suka ce tsutsar ciki ce, wasu suka ce masu aikin inji duk haka suke, ƙarfen ne ke sha musu jini. Wani wanzami ya tare ni a hanya ya leƙa idona, ya ce in ina so zai yi mini ƙaho. Dattawan da ke zama gindin bishiyar bedi kusa da rumfar inji suka sa mini suna Injiniya, in na wuce sai su ce, "Injiniya, an ci lahiya?" Ni kuwa in amsa da fara'a, ina cewa mutanen nan akwai son baƙo.

Da bel ya iso na tayar da inji, garin ya taru kallo. Kallo kawai. Masu niƙa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma tsofaffin mata ne da ɗan hatsi a gindin ƙwarya wanda bai isa injin ya gyara murya ba. Sai na hau wa'azi. Na tsaya gaban dattawan nan da tsumma a kafaɗa ina gaya musu cewa a Kumasi layi ake yi tun asuba, cewa zamani ya wuce turmi, cewa rashin wayewa ne ke hana mutane ci gaba. Suka saurare ni har na gama. Ɗayansu ya gyara zama ya ce, "Gaskiyakka, Injiniya. Allah shi waye muna." Har wasiƙa na rubuta wa wani abokina a gida, na ce na zo ƙasar da ake da abincin ɗura wa baƙo amma ana ƙyashin kai hatsi inji.

Malam kuwa na lura azumi yake yi, ba Litinin da Alhamis kaɗai ba, kusan kullum. Wuyansa ya ƙara tsawo, rigarsa ta yi masa yawa. Na sa wannan ma a wasiƙar, na ce na sauka a gidan waliyyi.

Da lokacin kafa inji na biyu ya yi, Malam ya ce a Kalgo ma ba ni da masauki sai gidan yayarsa. Gwaggo tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana sayar da daddawa, kuma ta wuce shekarun da za ta ɓoye wa wani namiji fuskarta ko ra'ayinta. Labarina ya riga ni isa. Ranar da na sauka ta yi tuwon da zai ishi masu gayya, ta kawo da kanta, ta ajiye, sannan ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Bisimilla. So nikai in gani da idona."

Na duba ɗakin. Taga ɗaya ce, can sama, kuma babu motsin dabba a bayanta. Na fara ci. Na ci malmala ɗaya, na taɓa ta biyu, hannuna ya tsaya. Na sha ruwa, na gyara zama, na sake gwadawa, tuwo ya ƙi wucewa.

Gwaggo ta ce, "Ci mana, ɗana. An ce man akushi ukku kaka canyewa. Ina sauran cikin? Gwandu kab baro shi?"

Na yi ƙoƙarin cewa gajiyar hanya ce. Ta dube ni irin duban da ake yi wa gero mai tsakuwa, sai kawai na ji bakina ya buɗe. Na gaya mata komai, matar maigidana da muciyarta, taga, akuya. Ina faɗa ina ɗan murmushi, don har lokacin ina tsammanin labarin ban dariya nake bayarwa.

Ta yi dariyar kuwa, har da riƙe ciki. Sai dariyar ta tsaya tsak, ta sa gefen zane ta share ido.

"Akuya! Tuwon ɗiyan ƙanena kaka ba akuya?"

Na ce wane tuwon yara kuma, ai nawa ne aka kawo mini.

Ta ce, "Kai, wa yar rene ka? Nan baƙo ci shikai shi rage. Abin da yar rage shi na rabon yara. In akushi yak koma wayam, cewa akai bai ƙoshi ba, a ƙara mai. Ka san mi yaran ga ka ci tun da kaz zo? Ƙanzo da ganyen tahwasa. Azumin ga da kag ga ƙanena shina yi, ba duka na neman lada ba na. Hatsin da za su ci su yi noma da shi, shi na kaka turawa ta taga."

Na tuna tsofaffin nan da ɗan hatsinsu a gindin ƙwarya, na tuna wa'azina gindin bedi, na tuna madallar Malam da take ƙara sanyi kullum. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, na yi kuka a gaban tsohuwar nan kamar ƙaramin yaro. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ja akushin gabanta ta rufe.

Na ce gobe zan koma in faɗi gaban Malam in nemi gafara.

Ta ce, "Kul! In kah hwaɗa mai ka san babu hatsi gidanai, ka kashe shi da kumya. Ka koma ka ci ka rage, kamar ɗan mutane."

Kwana tara na yi a Kalgo ina ɗaure ƙusoshi da zuciya a cunkushe. Shawarar Gwaggo ta yi mini kaɗan, domin mai sanin komai ba ya warkewa rana ɗaya. Ranar kasuwa na zagaya har na samu rabin buhun gero, na saya, na ɗora a mota zuwa Gwandu, ina jin na gyara ɓarnata. Na dire shi a zauren Malam na ce tsaraba ce.

Malam ya dubi buhun, ya dube ni. Ya yi godiya mai tsawo, ya sa mini albarka, ya roƙa wa mahaifina rahama. Daga nan ya aika aka kira maƙwabta, ya kwance bakin buhun, ya dinga aunawa da ƙwarya yana cewa ga sadakar baƙonsa, a yi wa mahaifinsa addu'a. Ina tsaye ina kallo har ya kakkaɓe buhun. Ko ƙwara ɗaya ba ta shiga cikin gida ba, saboda ba za a ce baƙon Malam ne ke ciyar da Malam ba.

Da magariba akushi uku suka shigo. Na ci rabin malmala na rufe. Akuya ta zo taga ta yi ta kuka, na juya mata baya. Da Malam ya ɗaga murfi sai ya firgita, ya dafa goshina.

"Subhanallahi! Masassara ta? Mi sunka ba ka Kalgo?"

Kwana uku ana ɗura mini jiƙon maɗaci safe da yamma, na sha ban yi ƙorafi ba, don na san na cancanci a ba ni abin da ya fi shi ɗaci. A hankali aka yarda cewa ruwan Kalgo ya lalata wa Injiniya ciki. Akushi ya koma biyu, ya koma ɗaya. In an fita da shi nakan kasa kunne, in ji ƙananan muryoyi a bayan katanga suna gardamar wa ya fi samun babbar loma. A sati biyar ɗin farko ban taɓa jin wannan hayaniya ba, kuma ban taɓa tambayar kaina me ya sa gida mai yara yake shiru haka ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mini rai. Wata rana muna zaune a zaure Malam ya ce, da ruwa ya zauna za a kai akuyar Inna kasuwa, tunda Allah Ya sa mata albarka ta yi ƙiba, abin da aka samu a sayi hatsin da za a ci lokacin noma. Na ce alhamdu lillahi a zuci. Ashe tuwon bai tafi a banza ba, ajiya na yi musu a jikin akuya, zai dawo gida ta wata ƙofar. Har na fara jin kamar dabarata ba ta da laifi sosai.

Aiki ya ƙare, na sa ranar tafiya. Da safiyar ranar na fito alwala, sai na ga jar fata a shanye a kan katanga, turke babu kowa. Ƙanshin suya ya cika gidan. Na tsaya da buta a hannu na kasa motsi.

Malam ya fito da fara'arsa ya ce, "Ɗan ɗan'uwana ba shi komawa Kumasi hannu sake. A ce mi munka yi maka?"

Na nemi izini in yi wa Inna sallama. Aka kai ni bakin zanan da ya raba zaure da cikin gida, Malam ya koma waje wurin masu rakiya. Na durƙusa na gaishe ta, na yi godiya. Na ce, "Inna, akuyar nan da ba a yanka ba. Ai ita ce ta kasuwa."

Muryarta ƙarama ce, a natse. Ta ce, "Ai taka ta, ɗana. Kai kak kiwata ta."

Na ce, "Inna, kin sani?"

"Tun kwana na biyu da hwarawa. Akuya da miyar kuka ga gemu?"

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Baƙo aka hwaɗa ma haka? Allah shi kai ka lahiya. Ka gaida mutanen gida."

An cika mini wata babbar samira da soyayyen nama, an ɗaure da tsumma, kusan rabin akuyar ke nan. A nan wayona ya sake motsawa, karo na ƙarshe. Na shiga ɗaki kamar zan ɗauko akwati, na tura samirar bayan randa, na jawo buzu na rufe. Na ce kafin a gani na yi nisa, dole yara su ci. Aka raka ni tasha, aka yi addu'a, mota ta tashi, ina jin karo ɗaya dai na yi abin kirki a garin nan.

A Kambaza motar ta tsaya jiran fasinja, muka daɗe a rana. Ina gyangyaɗi sai na ji ana cewa wani tsoho yana neman Injiniya. Na leƙa. Malam ne a kan keken aro, rawani ya kwance, rigar nan da ta yi masa yawa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun bushe don ranar ma da azumi ya tashi. Ya jingina keken, ya kwance samirar daga bayansa, ya miƙo mini ta taga da hannu biyu yana haki.

Ya ce, "Ka mance guzurinka, ɗana. Allah Ya sa na ishe ku."

Na karɓa. Babu abin da zan iya yi sai karɓa. Ya tsaya riƙe da keken yana ɗaga mini hannu har muka sha kwana, ni kuma na rungume samirar a cinya, da sauran ɗuminta.